Kafin 'Yan Gwangwan Su Riga Mu

Kawuna ya yi shekara fiye da 20 yana tuƙa wata akori-kura, Fijo 404 fara, tsakanin Runka da Safana da Dutsin-Ma, ranar kasuwa kuma ya leƙa Batsari. A bayanta aka kai mahaifiyata asibiti daren da za ta haifi ƙanena, a bayanta aka kai kayan ɗakin yawancin amaren unguwarmu, kuma ita ce ta ɗauko gawar kakana daga Katsina. Da kawu ya rasu sai aka jingine ta a ƙofar gida, tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Lokacin rabon gado 'yan gwangwan suka zo da guduma da kurfi, suka daddatsa ta, suka auna a sikeli, suka biya. Ina makaranta a Zariya, sai labari na ji.

Ban san girman asarar ba sai bayan shekaru, ranar da ɗana ya ji na ambaci akori-kura ya tambaye ni mece ce ita. Na zazzage hotunan gidanmu kaf, na biki da na suna da na Sallah, ban sami ko gefen tayarta ba. Na shiga intanet na nemo masa Fijo 404, sai ga ta tana sheƙi a kan ciyawa a wani gari na Faransa. Ƙirar dai ita ce, amma babu ƙarafan da maƙeri ya ɗaura a baya don riƙe buhuna, babu tsohon tamfol, babu rubutun nan na bayan bodi da ke cewa "Hassada ga mai rabo taki". Tun daga ranar na ɗaura niyyar duk tsohuwar motar da na tarar a yankinmu sai na ɗauki hotonta.

Mai karatu zai iya cewa mutanen Safana da Batsari suna da damuwar da ta fi hoton ruɓaɓɓen ƙarfe. Gaskiya ne, kuma ni ma na yi wa kaina wannan tuhuma. Amma wanda ya tsaya ya karanta waɗannan motoci zai ga tarihin talakan yankin nan a jikinsu, irin wanda ba a rubuta shi a littafi ba. Idan ka ga tsohuwar Landroba mai sitiyari a dama, akwai alamar ta shigo ƙasar nan kafin ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Idan ka ga tsohuwar lamba mai farawa da KD a motar da ba ta taɓa barin ƙasar Katsina ba, tana tuna maka cewa a Jihar Kaduna muke har zuwa watan Satumbar 1987. Yawan Fijo kuwa shaida ne na zamanin da kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, har ta kai malamin makaranta da ma'aikacin gona suna iya sayen sabuwar mota da bashin gwamnati. A zamanin nan ne ake haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Ɗalibin da ke son sanin yadda masana'antunmu suka tashi suka faɗi yana iya fara darasinsa a bayan garejin wani bakanike a Dutsin-Ma.

A Turai da Amurka tsohuwar mota abar ado ce. Ana goge ta, a kai ta baje koli, masu hoto su kewaye ta suna neman inda haske ke zamewa a kan fenti. A nan gida, tsohuwar motar da aka fi sani a ajiye ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke gidan tarihi na Legas. Ta cancanci a adana ta. Sai dai motar da ta ciyar da gari da gero da dawa da rogo da itace, ta kai maras lafiya asibiti a kan hanyar da ba kwalta, babu gidan tarihin da ke jiran ta. Sikelin ɗan gwangwan kaɗai ke jiran ta, daga nan sai tukunyar narka ƙarfe.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin sauri. Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun ga hanyoyinsu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Safana da Batsari. Ko mene ne amfanin matakan, tsofaffin motocin da ke rayuwa da lodin itace da na kasuwa su suka fara zama. Motar da ta shekara 40 kuwa tafiya ce ke riƙe da ita. In ta yi damina biyu a tsaye, tsatsa ta gama da ita. Mai ita ga iyali ga tsadar hatsi, wa zai zarge shi in ya sayar da ita kilo-kilo?

Rashin tsaron ya kuma sa kyamara ta zama abin tsoro. A wata ziyara da na kai gida, na hango wata 404 a gindin dalbejiya, na zaro waya na fara ɗauka ba tare da sallama ba. Sai wani dattijo ya taso daga kan tabarma, fuska ba walwala, ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka?" Nan take na gane wautata. A garin da ake zargin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, baƙon da ke ɗaukar hoton dukiyar mutane ya jawo wa kansa magana. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a gafarce ni," na faɗi gidan da na fito da sunan kawuna. Ya yi shiru, sannan ya ce tare suka yi karen mota suna samari. Ya ce in goge wanda na ɗauka, in dawo da hantsi washegari. Da na dawo na tarar ya sa jikokinsa sun wanke motar da ba ta tashi, ya sa babbar riga da hula, ya dafa ƙofarta ya tsaya. Bayan hoton ya buɗe min ita, ya nuna min giyar da ke jikin sitiyari, da wurin da ya ɗaure lagireto da waya a hanyar Ruma, da ramin da ke ƙofa wanda ya ƙi ya faɗi asalinsa. Hoton nan shi ne mafi daraja a cikin duk waɗanda na tara.

Daga wurinsa na koyi cewa hoton tsohuwar motarmu bai cika ba sai da mai ita. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da duniya ta san shi, ya riƙa tsayar da mutane a jikin motarsa Fijo 203 yana ɗaukar su, kuma abin da ke jan ido a hotunan har yau shi ne yadda mutum da mota ke ba da labarin zamani guda.

Ga ɗalibai da matasan da ke son gwadawa, wayar hannu ta isa. A fara da sallama da neman izini, a gari kuma a sanar da mai unguwa. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana ƙona farin fenti ta baƙanta ƙarƙashin mota. Hazon hunturu ma yana tausasa haske. A durƙusa daidai tsayin fitila, a ɗauko gaba da gefe a hoto guda, sannan a matso a ɗauki rubutun bodi, da zanen mai fenti, da facin walda, da carbin da ke rataye a madubi. Kada a kawar da buhu ko igiya don hoton ya yi kyau, su ne shaidar aikinta. A rubuta ƙirar motar da garin da ranar, da hanyoyin da ta bi, daga bakin direbanta. Motar da ke kan aiki kada a watsa lambarta ko wurin kwananta a Facebook, domin ba kowane mai kallo ne masoyi ba. A ƙarshe a wanke hoto guda a kai wa mai motar, haƙƙinsa ne.

Ina fata sassan tarihi na jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma za su buɗe ma'ajiyar irin waɗannan hotuna, su karɓa daga hannun duk wanda ya kawo. Ni dai na kai wa dattijon nan nasa a cikin firam. Da na sake komawa bara, gindin dalbejiyar babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Ya ce ya sayar da ita ya sayi taki, sannan ya shiga gida ya fito da hoton ya nuna wa mutanen da ke zaune, yana lissafa musu garuruwan da ta je. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya buɗe hanyoyinmu, ya jiƙan direbobin da suka riga mu gidan gaskiya.