Agadas: Mun Bi Sawun Masu Tseren Sahara

Musu ne ya kai mu Agadas. Wani dare a ɗakin kwananmu na jami'a, mu huɗu muka taru a kan waya ɗaya muna kallon motoci suna hawa tuddan rairayi kamar za su tashi sama. Gasar tseren Dakar ce, wadda ake yi duk watan Janairu a Saudiyya. Sai ɗayanmu ya jefo tambaya: in dai a Saudiyya ake yin ta, me ya haɗa ta da Dakar, babban birnin Senegal? Abokinmu da kawunsa ke zaune a Agadas ya ce ai a da ta garin kawun nasa motocin nan suke bi. Muka yi masa dariya. Ya ce gani ya kori ji, mu bari a yi hutu.

Da aka yi hutu, cikin hunturu, muka haɗa ɗan abin da muka tara, muka nemi izinin iyaye, muka kama hanya.

Daga Kano zuwa bakin hamada

Mun bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka kwana a Damagaram. Da asuba muka hau motar Agadas, tafiyar sama da kilomita 400. Duk ɗalibin da darasin labarin ƙasa ke ba shi wahala, da ma ya samu kujerar taga a wannan hanya. Kafin Tanut gonakin gero ne da aka girbe, da rumbuna. Bayan Tanut gonaki suka ƙare, sai makiyaya da rijiyoyi. Can gaba itatuwa suka koma gajeru masu ƙaya, kowanne nesa da ɗan uwansa. Mun shiga Agadas bayan la'asar, ƙura ta yi mana fari fat har gira.

Abin da ya fara tarar mu shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, wanda tarihinsa ke komawa shekarar 1515. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba mu nemi tafinta ba, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa. Daga saman hasumiyar, in ka dubi arewa za ka hango duwatsun Abzin. In ka juya gabas kuwa, can bayan inda ido ya tsaya, Tenere ce, hamadar da ta yi wa masu tsere da yawa kukan kura.

Garejin Baba

Kawun abokinmu ya kai mu wurin wani dattijo Buzu, bakanike kuma direba, wanda a ƙuruciyarsa yana cikin masu kai mai da ruwa zangon 'yan tsere. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata tsohuwar mota, ya ɗora shayi a kan gawayi. Kafin mu sha kofi na uku, musunmu ya mutu.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya kafa gasar. A 1977 ya ɓata a kan babur a saharar da ke tsakanin Nijar da Libiya, lokacin wani tsere daga Abijan zuwa birnin Nis na Faransa. Da aka ceto shi, maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya koma gida ya shirya nasa tseren. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka ratsa Aljeriya, suka shigo Agadas, suka wuce Yamai da Gawo da Bamako. Guda 74 kacal suka isa Dakar a Janairun 1979. Daga nan sunan ya samo asali.

Agadas ta zama babban zango a wannan hanya, har a 1997 aka yi tseren daga Dakar zuwa Agadas, aka juya aka koma Dakar. Baba ya ce in lokacin ya zo, filin jirgi yakan cika da tantuna, masu masauki da masu ƙera azurfa da masu gasa nama duk sukan samu ciniki mai kyau. Filin jirgin nan a yau yana ɗauke da sunan Mano Dayak, ɗan Abzin da ya kafa kamfanin yawon buɗe ido, ya kuma taimaka wa masu shirya tseren da sanin hanya.

Yadda ake yin tseren

Mu a zatonmu kowa zai taka totur ne, wanda ya riga isa ya ci. Ba haka ba ne. Kusan mako biyu ake yi, ana fafatawa rukuni-rukuni: babura, ƙananan motoci da manyan motoci. Tafiyar kowace rana kashi biyu ce. Akwai ta kan titi, inda ɗan tsere ke bin dokar hanya kamar kowa. Akwai ta cikin daji, inda ake danna agogo. A ƙarshe sai a haɗa lokutan dukkan ranakun, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne zakara. Saboda haka mutum na iya yin na ɗaya kwana biyar a jere, ya ɓata awa uku a rana ta shida, shi ke nan ya zubar da komai.

Babu allon nuna hanya a hamada. Abin da ake ba su shi ne littafin hanya. Kowane layi a cikinsa yana faɗin nisan da za a yi, da ɗan zanen abin da za a gani, kamar dutse ko rijiya ko rami, da kuma alƙiblar da za a fuskanta a lissafin digiri. Arewa 0 ce, gabas 90, kudu 180, yamma 270. A mota mutum biyu ne: ɗaya na tuƙi, ɗaya na karanta hanya. Mai babur kuwa shi kaɗai yake yin duka biyun. Ko yanzu da aka mayar da littafin cikin na'ura, ba a barin GPS ta ja mutum kamar yadda take yi a wayoyinmu. Aikinta ta tabbatar ka bi ta wuraren da aka wajabta, in ka tsallake ɗaya a ƙara maka lokaci.

Nan lissafin da muke raina wa a aji ya nuna mana kansa. In ka kauce da digiri 1 kawai, bayan kilomita 60 za ka tsinci kanka kusan kilomita 1 daga inda ka nufa. In digiri 5 ne, kusan kilomita 5 ke nan. A cikin gari wannan kuɗin acaɓa ne. A Tenere kuwa ya isa ka wuce rijiya ba ka gan ta ba. A 1983, shekarar da tseren ya fara ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40, sai da aka yi kwanaki ana nemo su da jirgi mai saukar ungulu.

Da dare akan sauka zango, makanikai su kwana suna kwance mota suna ɗaurawa. Amma akwai ranakun da ake hana makanikai taɓa mota. Ranar nan direba da mai karanta hanya su ne za su shiga ƙarƙashinta da sifana.

Ranar da muka kafe

A rana ta uku Baba ya ce surutu ya isa. Ya yage takarda daga littafin rubutu, ya zana mana littafin hanya na kilomita 30 a wajen gari, ya miƙa mana tsohon kamfas. Ɗayanmu da ke da lasisi ya karɓi sitiyarin tsohuwar Land Cruiser ɗinsa, wani ya riƙe takarda, sauran biyun muka sa ido a agogo. Baba ya zauna a baya, ya ja rawaninsa, ya ce shi yau kaya ne, kaya kuwa ba ya magana.

Kilomita 18 na farko sun tafi lafiya a kan tsakuwa, har muka fara jin kanmu. Sai muka iso bakin wata busasshiyar ƙorama mai faɗi. Takarda ta ce mu bi gaɓarta zuwa gabas, mu yi mita 800 kafin mu tsallaka. Amma ga ɗaya gaɓar muna gani ƙiri-ƙiri, kamar ka yi jifa ka same ta. Masu agogo muka ce a yanke kawai. Mai takarda ya yi shiru. Direba ya danna.

Ba mu kai tsakiya ba motar ta fara nishi. Direbanmu ya ƙara wuta, tayoyi suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya zauna daram a kan yashi. Muka fito. Rana ta take, waya babu sabis ko ɗigo, ruwan da muka riƙo gora biyu ne, mun riga mun shanye ɗaya da rabi. Babu wanda ya sake yin dariya.

Baba ya sauko a hankali, ya zagaya motar, ya ce, "Samari, wanda ya fi kowa gudu bayan ya saki hanya, shi ya fi kowa nisa da gida." Sannan ya ɗaga wani buhu a bayan motar. Ashe akwai jarkar ruwa cike, da shebur biyu, da wasu faranta na ƙarfe dogaye, da famfon taya. Ya kuma gaya wa mutanen gidansa inda muka nufa da lokacin da za mu dawo. Mu da muke ɗaukar kanmu 'yan boko, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai zo mana a rai ba.

Ya sa muka kwashe yashin da ke gaban kowace taya da na ƙarƙashin motar. Ya sa muka rage iskar tayoyin har suka yi taushi. Dalilin yana cikin darasin kimiyya: taya mai taushi tana baje cikinta, nauyin mota ya rarrabu a fili mai faɗi, sai ta daina nutsewa. Shi ya sa tafin raƙumi yake da faɗi. Ya ce kuma yashi ya fi ƙarfi da sassafe, lokacin da yake da sanyi da ɗan danshi, in rana ta yi sai ya saki. Muka cusa farantan a gaban tayoyi, direba ya sa babbar giya ta ƙarfi ya taka a hankali, mu kuma muna turi. Mota ta yi taku kaɗan ta sake zama. Muka tono farantan muka mayar gaba. Sau shida muka yi haka. Awa biyu cur muka kashe don gudun tafiyar mita 800.

Muna cikin haƙa wani yaro mai kiwon awaki, wanda bai wuce sa'ar ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba, ya zo ya tsaya yana kallonmu. Ya gaishe da Baba, sannan ya nuna gabas da sandarsa, ya ce ai can ake tsallakawa, wurin da raƙuma ke bi, ƙasan akwai tsakuwa. Daidai wurin da takarda ta ce. Kunya ta hana mu haɗa ido da shi.

Waɗanda suka riga motoci

A hanyar dawowa Baba ya tuna mana cewa tun kafin a ƙera mota ake ratsa Tenere. Duk shekara bayan damina ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin zuwa Fashi da Balma, tafiyar ɗaruruwan kilomita, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino. Kantun gishirin Balma da kakanninmu suka saya a kasuwannin Damagaram da Kano ta nan ya biyo. Madugu ba shi da kamfas. Da taurari yake aiki, da inuwa, da yadda iska ta kwantar da rairayi.

A kan wannan hanya akwai wani itacen ƙaya da ya daɗe tsaye shi kaɗai, babu wani itace kusa da shi, saiwarsa ta nutsa sama da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun yi zango a gindinsa, ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Abin da tseren ya bari

Ba alheri kaɗai tseren ya kawo ba. Motoci masu gudu sun ratsa ƙauyukan da yara ba su saba da su ba, an kuma yi asarar rayuka. A 2006 kaɗai yara biyu suka rasu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Shi kansa Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, ana tsakiyar gasar. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya saboda matsalar tsaro a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, inda a 2025 ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya lashe rukunin motoci da Toyota Hilux. Sunan Dakar ne kawai ya rage.

Mun tambayi Baba ko yana kewar tseren. Ya ce yana kewar cinikin, amma abin da ya fi damunsa shi ne samarin da ke zuwa garejinsa yanzu duk tuƙi suke so su koya, babu mai son koyon hanya. Ya ce a zamaninsa ya ga Turawa masu motocin miliyoyi sun tsaya suna tambayar mai raƙumi ina rijiya take.

Mun dawo Kano da kanta a tafin hannu da takardar nan da Baba ya zana, wadda muka liƙa a bangon ɗakinmu. 'Yan uwa ɗalibai, in a cikinku akwai mai mafarkin shiga irin wannan gasa wata rana, ko ma tuƙin jirgi ko aikin safiyo, to ya riƙe darasin kusurwa da digiri, ya koyi karanta taswira, ya kuma daina raina tsohon da ya san daji. Abokinmu mai riƙe da takarda har yau muna tsokanarsa, domin ya san muna kan kuskure ya yi shiru. Shi kuma yakan ce mu uku ne a kansa. Mun yi alkawari in Allah Ya sake kai mu Agadas, duk abin da takarda ta ce shi za a bi, ko da agogo zai yi kuka.