Daga filin jirgin Kano zuwa bakin ruwan Challawa: Yadda muka yi tafiya da ɗan abin hannunmu

Mu 'yan ƙungiyar labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke Falgore, a Ƙaramar Hukumar Rogo. A zangon karatun da ya wuce muka samu saƙo cewa za mu yi baƙi daga Legas: ɗalibai shida da malaminsu, dukansu 'yan Agege, kuma iyayen wasunsu 'yan asalin yankinmu ne. Iyayen sun biya musu kuɗin jirgi zuwa Kano. Ɗauko su daga filin jirgi, kai su yawon buɗe ido da mayar da su kuwa, a wuyanmu yake.

Da muka zauna shawarar inda za mu kai su, wani a cikinmu ya ce, "Mutanen da suka saba ganin teku, me za mu nuna musu?" Malaminmu na labarin ƙasa ya yi dariya ya ce, "Kun manta da abin da ke bayan gidanku?" Yana nufin madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, makwabciyarmu. Nan take muka amince. Abin da ya rage shi ne kuɗin mota, kuma a nan aikin yake.

Wace Falgoren?

Kuskurenmu na farko a waya muka yi shi. Malam ya sa shugaban ɗalibai ya kira wani direban tasi a Kano ya tambayi nawa zai ɗauko mutane daga filin jirgi zuwa Falgore. Kuɗin da mutumin ya faɗa sai da ya sa muka kalli juna. Ya kuma ƙara da cewa shi ba ya shiga daji da yamma. Sai a lokacin muka gane ashe Dajin Falgore yake nufi, wanda ke kudancin jihar wajen Tudun Wada da Doguwa, a kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 daga Kano. Tamu Falgoren kuwa tana yamma, a ƙasar Rogo.

Wannan ya zama darasinmu na farko. Idan za ku yi cinikin mota, ku faɗi sunan gari da ƙaramar hukuma da hanyar da za a bi. Da baƙinmu ne suka shiga motar ba tare da wannan bayani ba, da sun kwana a wani wuri dabam.

Lissafin da muka yi a allo

Malam ya ce kada a ƙara kiran kowa sai mun yi lissafi. Muka rubuta a allo: mu ɗalibai 24 ne, malamai 3, baƙi 7, jimla 34. Tafiya kuma kashi uku ce. Ranar Juma'a a ɗauko baƙi, ranar Asabar a je bakin ruwa a dawo, ranar Lahadi a mayar da su filin jirgi.

Don ɗauko baƙin, hanyoyi uku muka duba. Ta farko, su hau tasin filin jirgi. Tasi ɗaya ba za ta ɗauke mutum bakwai da jakunkunansu ba, sai biyu, kuma kowane direba zai sa kuɗin dawowarsa babu fasinja a cikin farashi. Ta biyu, su hau Adaidaita Sahu zuwa tasha, su jira motar haya ta cika, su sauka a Ƙaraye ko Rogo, sannan su nemi wata. Wannan ta fi sauƙi ga mutum ɗaya mai 'yar jaka, amma ga mutum bakwai da ba su san gari ba, kowane sauyin mota sabon ciniki ne da sabon kuɗin kaya, ga fargabar wani ya ɓace. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, don haka babu ma zancensa. Ta uku, mu ɗauki shatar bas daga gida.

Ita ma shatar da farko ta yi mana tsada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kusan duk maganar direba a kan mai take ƙarewa. Dabarar da ta cece mu daga wajen wani dattijon ɗan kamasho ta fito. Ya ce, "Ku yara, me zai sa ku biya motar da za ta tafi ba kowa? Ku nemi direban da dama yake lodin Kano kullum da safe. Ya kai fasinjojinsa, sannan ya wuce filin jirgi. Dawowa kawai za ku biya."

Haka aka yi. Malam ɗaya da ɗalibai biyu suka bi motar da safe a matsayin fasinjoji, suka biya kuɗin kujera kamar kowa. Shatar ta fara ne daga Kano. Kusan rabin kuɗin da aka fara yanka mana ya sauka.

Abin da muka rubuta kafin a tashi

Ba a bakin titi muka samo direban ba. Tasha muka je, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi aka yi ciniki, aka rubuta lambar motar da sunansa a littafinsu. Malam ya sa aka rubuta abubuwa huɗu a takarda: wa zai biya kuɗin shiga filin jirgi da na ajiye mota, awa nawa direba zai jira ba tare da ƙari ba, nawa ne ƙarin idan jira ya wuce haka, da kuma cewa ba zai ɗauki wani fasinja a hanya ba. Rabin kuɗi aka ba shi don shan mai, sauran sai an sauka lafiya.

A lokacin mun ɗauka Malam ya cika ƙa'ida. Ranar Juma'a muka ga amfanin takardar. Tafiyar jirgi daga Legas zuwa Kano kamar awa ɗaya da rabi ce, amma jirgin baƙinmu bai tashi a kan lokaci ba, sai da ya makara kusan awa uku. Direba ya fara duba agogo yana tsaki. Malam ya zaro takarda ya ce, "Alhaji, awa biyu muka yi da kai, ga kuɗin ta ukun." Magana ta mutu. Da babu wannan sharaɗi, ko dai ya tafi ya bar su, ko ya faɗi abin da ya ga dama, tunda ya san ba su da zaɓi.

Filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1936 jirage ke zirga-zirga a cikinsa. Yana arewacin birni, mu kuma yamma muka nufa, don haka sai an ratsa gari. Motar ta biyo ta Kabuga ta hau titin Gwarzo, ta wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ta karya a Janguza ta bi ta Kabo zuwa Ƙaraye. Kafin su bar Kano sun tsaya sun sayi ruwan leda da burodi a farashin sari, tunda akwai sauran wuri a motar. Ana kiran magariba suka iso, muka tare su da ɗumamen tuwo da rake.

Gardamar mota ɗaya

Gardama mafi zafi a kan tafiyar Asabar aka yi ta. Kuɗin da muka tara na karo-karo ne, kuma mun san yadda iyayenmu suka samo shi. Akwai wadda mahaifiyarta ta sayar da kaji biyu, akwai wanda ya yi kwana uku yana aikin gona. Bas mai cin mutum 18 muka samu, mu kuma 34 ne. Wasunmu suka ce a ɗauki ɗaya kawai, ƙanana su zauna a cinyar manya, tunda tafiyar ba nisa. Da ragowar kuɗin sai a buga mana riguna masu tambarin ƙungiya, waɗanda muka daɗe muna buri.

Malam ya bari muka gama surutu, sannan ya tambaye mu ko mun tuna abin da ya faru a Bagwai. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari. Sama da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifin. Ya ce, "Su ma tafiyar ba nisa. Ni zan iya komawa wajen iyayenku in ce babu riga. Ɗayar maganar ce ba zan iya kai musu ba."

Aji ya yi tsit. Wata ta kawo shawarar mota ɗaya ta yi sawu biyu. Muka lissafa muka ga sawun ƙarshe na dawowa zai faɗa cikin duhu, kuma rabinmu za su zauna a bakin ruwa da malami ɗaya. Muka haƙura da riguna, muka ɗauki motoci biyu, kowa da kujerarsa. Abinci ma a gida aka dafa: dafa-duka a manyan kuloli, da awara da zoɓo.

A bakin ruwa

Tun mako biyu kafin ranar makaranta ta aika takardar neman izini ga masu kula da madatsar, don haka ba mu sha wahalar shiga ba. Da muka hau kan ginin muka hango ruwan, har mu 'yan gida sai da muka yi shiru. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, iska mai sanyi na kaɗawa, masunta a cikin kwale-kwale sun zama kamar ɗigo a can nesa.

Malam ya mayar da wurin aji. An kammala madatsar a 1992 a kan Kogin Challawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin Kano. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Yayarta ita ce Tiga, wadda aka kammala a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ta ninka ta wajen ɗaukar ruwa. Ruwan da ya fita daga nan yakan gangara ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ya ce duk lokacin da aka riƙe ruwa ko aka sake shi a Ƙaraye, manomi da masunci a Jigawa da Yobe suna ji a jikinsu.

Baƙinmu suka ce babu igiyar ruwa irin ta teku, kuma ruwan ba gishiri. Amma sun ce a Legas yawancin wuraren shaƙatawa na bakin teku sai an biya kafin a shiga, kuma tsohon wurin da iyayensu ke ba su labari, Bar Beach, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa a kai. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, aka sayi soyayyen kifi aka raba.

Can sai ga wani mai kwale-kwale ya ce zai zaga da mu, kuma zai yi mana ragi idan muka shiga da yawa. Wasunmu har sun miƙe. Malam ya tambaye shi, "Malam, akwai rigar ruwa?" Ya ce babu, amma shi a ruwan nan aka haife shi. Ɗaya daga cikin baƙin ta ce a Legas doka ce sai ka sa rigar kafin ka hau jirgin ruwa na haya. Malam ya yi wa mutumin godiya ya sallame shi. Wanka ma an hana mu, saboda ba mu san inda zurfi yake ba, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa mai kwanciya. Gaskiya mun ji haushi a lokacin, har wasu suka daina magana. Da aka fara wasan ƙwallo a kan yashi kowa ya manta.

Ƙarfe huɗu, bayan sallar la'asar, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka yi da safe. Mun tsince ledojinmu, muka hau mota. Rana ba ta faɗi ba muka isa gida.

Ranar komawa

Ranar Lahadi muka juya dabarar Juma'a. Muka biya shatar zuwa Kano kawai, direba ya yi lodin fasinjojinsa ya dawo. Jirginsu na yamma ne, amma da hantsi suka tashi, domin a bar wa faci da cunkoson gari lokaci, kuma a isa awa biyu kafin tashi. Tikitin jirgi ɗaya da ya ƙone ya fi duk abin da muka tattala a kwana ukun nan.

Ranar Litinin ma'ajiyarmu ta karanta lissafi a gaban kowa, daga kuɗin mai har na ruwan leda. An samu ɗan ragowa, muka amince a ajiye shi don tafiya ta gaba.

Ga 'yan uwanmu ɗalibai da ke shirin irin wannan fita, abin da muka koya ke nan. Ku ƙirga kanku kafin ku yi ciniki. Ku je tasha, kada ku tari mota a titi. Ku nemi motar da dama hanyarta ce. Ku rubuta sharaɗin jira da na dawowa. Ku rage a riga da lemo da abincin saye, amma kada ku rage a kujera, ko rigar ruwa, ko lokacin komawa gida.

Baƙinmu sun gayyace mu Agege baɗi, sun ce za su kai mu Tarkwa Bay, wurin da sai da jirgin ruwa ake zuwa. Mun riga mun buɗe asusu, kuma tambayar farko da muka aika musu ita ce ko rigunan ruwan za su ishe mu duka.