Direban da Ba a Gani



Idan aka ce direba, mai riƙe da sitiyari a tasha ne ke fara zuwa mana a rai. Amma a cikin kwamfuta ma akwai direbobi, sai dai ba a ganinsu. Direban kwamfuta 'yar ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta. Windows ba ta jin yaren firinta, ko na lasifika, ko na sashen da ke zana hoto a allo. Kowane sashe da direbansa, kuma kamfanin da ya ƙera shi ne ke rubutawa: Intel, AMD ko NVIDIA don hoto, Realtek galibi don sauti. Kun san yadda ake yi idan baƙon mai wa'azi ya zo yana Turanci. In tafinta ya rikice, saƙo ya lalace, ko da mai wa'azin da jama'a duk lafiyarsu ƙalau.

Ina cikin masu haska waƙoƙi da ayoyi a majigi lokacin sujada. Kwamfutar da muke aiki da ita ta hannu ce, wani ɗan'uwa ya ba ikkilisiya kyauta. Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa allon ya koma shuɗi, komai ya tsaya. Bayan an tashi wani dattijo ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan ta gaji, a tara kuɗi a sayi sabuwa." Na ce, "Baba, a ba mu kwana biyu mu duba." Da muka bincika, babu abin da ya ƙone a cikinta. Direban hoto ne na shekarun baya, Windows ta yi gaba ta bar shi. Muka ɗauko sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, har yau tana aiki.

Me ya sa abu ƙarami haka yake kayar da kwamfuta gaba ɗaya? Domin yawancin direbobi a can cikin zuciyar tsarin suke aiki. Manhajar rubutu in ta rikice, ita kaɗai ke rufewa. Amma in direba ya yi kuskure mai tsanani, Windows takan tsayar da komai don kada ɓarnar ta kai ga abin da aka ajiye. Ban da haka, kamfanoni na fitar da sababbin direbobi don toshe kafofin da masu kutse ke bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ya sa ni tunani a kanmu. Da yawanmu mun karɓi Yesu tun muna makarantar Lahadi, kuma abin da muka koya a lokacin gaskiya ne. Amma yanzu kayan da muke ɗauka sun canza: jami'a, bautar ƙasa, neman aikin da ya ƙi samuwa, maganar aure, abokin da ke nuna maka hanyar kuɗin dare ɗaya. In kana da shekara 25 amma fahimtarka ta Maganar Allah ta tsaya inda take kana ɗan shekara 10, ranar da nauyi ya zo allonka zai yi shuɗi. Mutane za su ce bangaskiyarka ta mutu, kai ma ka yarda. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, an daɗe ne ba a sabunta ta ba.

Maganar Allah ba ta tsufa, ba ta kuma bukatar gyara. Mu ne masu bukata. A Romawa 12:2 Manzo Bulus ya ɗaure canjin rayuwa da sabunta hankali, a 2 Korintiyawa 4:16 kuma ya nuna cewa wannan sabuntawa ta kowace rana ce, ba ta lokacin babban taron shekara kaɗai ba.

Sai dai a kula da inda ake ɗauko sabon abu. Intanet cike take da tallar manhajoji masu alkawarin gyara duk direbobinka da dannawa ɗaya, wasunsu kuwa cuta suke shigarwa. Ko daga hannun ƙwararru ma akan samu matsala. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya aika wa abokan cinikinsa wata sabuntawa mai kuskure. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya. An soke tashin dubban jiragen sama, aiki ya rikice a asibitoci da bankuna. Wato kasancewar abu sabo bai isa ya zama shaidarsa ba.

Haka yake da koyarwa. Kullum wayoyinmu na kawo mana sabon "wahayi" a WhatsApp da TikTok. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, ko Bulus kansa da ya yi musu wa'azi sai da suka koma ga Nassi suna dubawa kowace rana, aka kuma yabe su. In an auna maganar manzo, ta wa za a haɗiye ba aunawa?

Ga masu kula da kwamfutar ikkilisiya ko tasu: ku leƙa Windows Update a kai a kai. Ku buɗe Device Manager, in kun ga alamar ruwan ɗorawa a kan wani sashe, direbansa na da matsala. Ku ɗauko sabo daga shafin mai ƙera na'urar kawai, da isasshen caji don kada wuta ta ɗauke a tsakiya. In sabon ya kawo rikici, a nan Device Manager ɗin akwai hanyar komawa na baya. Kada kuma ku taɓa yin wannan aiki da safiyar Lahadi. Ku yi a tsakiyar mako, ku gwada majigi da sauti tun kafin jama'a su taru.

Ruhunka ma haka ne, ɗan'uwa, 'yar'uwa. Ba ranar jaraba ake fara neman aya ba. Rigakafi ya fi magani. Wannan mako ka ware lokaci, ka buɗe Littafi Mai Tsarki da kanka, ka zo nazarin zumunta da tambayoyinka.

Mu yi addu'a: Ya Uba, kai ka yi mu, kai ka san abin da ya tsufa a cikinmu. Ka sabunta hankalinmu ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, ka ba mu basirar gane muryarka cikin muryoyi masu yawa. Cikin sunan Yesu, Amin.