Kama wutsiya: yadda mutanen Japon ke zaɓen waƙa da gaɓarta ta farko

Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutanen Japon ba su musa ba, sai dai sun ƙera na'urar da ke ara wa kowa waƙar wani ya rera da nasa baki, ko da muryarsa irin ta kwaɗon damina ce. Sunan abin karaoke, daga kara, wato fanko, da oke, guntun kalmar da ke nufin ƙungiyar makaɗa. Kiɗa ne da aka zare muryar mawaƙi daga cikinsa, aka bar gurbi ga duk wanda ya ga zai iya. Negishi Shigeichi ya haɗa irin wannan akwati a Tokyo a 1967, wani makaɗi kuma mai suna Inoue Daisuke ya fara ba da hayar nasa a birnin Kobe a 1971. Ni dai abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne tambayar da ke zuwa kafin a buɗe baki: cikin dubban waƙoƙi, wacce za a rera, kuma ta yaya za a nemo ta?

Amsar tana cikin tsarin rubutunsu. A rubutun da suke kira kana, kowace alama gaɓa ce sukutum, baƙi da wasalinsa. Gaɓoɓin asali 46 ne, an jera su cikin wani jadawali mai suna gojuon, wato sauti hamsin: a, i, u, e, o, sannan ka, ki, ku, ke, ko, sannan sa, shi, su, se, so, har zuwa ƙarshe. Da wannan jeri ake tsara ƙamus da sunayen ɗalibai a aji, da shi kuma aka tsara kundayen waƙoƙi masu kaurin gaske da ake ajiyewa a ɗakunan karaoke kafin na'urar taɓa-ka-zaɓa ta ture su. Mutum yana iya neman waƙa da sunanta, ko da sunan mawaƙinta, ko da kalmomin da take farawa da su. Ta ko'ina ya biyo, gaɓar farko ita ce mabuɗin rumbu.

Daga nan ne abin ya haɗu da wani wasa da kowane yaro ya sani a ƙasar, wanda ake kira shiritori, ma'ana kama gindi, ko mu ce kama wutsiya. Wani ya faɗi sunan abu, na kusa da shi ya ɗauki gaɓar ƙarshe ya fara tasa kalma da ita. Ringo, wato tuffa, tana jawo gorira, goggon biri. Gorira kuma ta jawo rappa, kakaki. Ba a maimaita kalma. Wanda duk ya faɗi kalmar da ta ƙare da n ya faɗi, domin babu kalmar harshen ta asali da ke farawa da wannan sauti. A nan ne, abin mamaki, maƙwabtanmu suka shiga labarin. Sunan babban birnin Chadi, wanda aka sauya daga Fort-Lamy zuwa Njamena a 1973, da wannan n ɗin yake farawa a rubutun Japon, har ya yi suna a matsayin kalmar ceto a inda ƴan wasa suka yarda a ci gaba. Ƙasarmu ma tana da nata rabo. Suna kiran ta Nijeru, da ru a ƙarshe, ga shi kuwa kalmomin da ke farawa da ru kaɗan ne, galibinsu ma na aro. Saboda haka mai son ƙure abokin wasa yakan yi ta jefa masa ru har ya rasa ta cewa, dabarar da suke kira ru-zeme.

To, idan abokai suka taru a ɗakin karaoke, sukan ɗora wannan doka a kan sunayen waƙoƙi. Wanda ya rera Subaru ta Tanimura Shinji, waƙar 1980 mai sunan taurarin da muke kira kaza mai ƴaƴa, ya bar wa na gaba ru. Idan na gaban ya san tsofaffin waƙoƙi, sai ya tsira da Rubi no Yubiwa, Zoben Yaƙutu, wadda Terao Akira ya fitar a 1981, ya bar wa mai bi masa wa. Wanda kuwa ya zaɓi Lemon ta Yonezu Kenshi, ta 2018, komai farin jininta ya kashe kansa, don remon suke furta ta.

Wannan kunne mai farautar sautin farko ya girmi na'ura da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 13 Fujiwara no Teika ya tattara waƙoƙi ɗari na mawaƙa ɗari, kundin da ake kira Hyakunin Isshu, daga baya aka mayar da shi wasan kati mai suna karuta. Mai karatu yana rera waƙa daga farkonta, alhali katunan da ke shimfiɗe gaban ƴan wasa rabin ƙarshe kawai ke rubuce a kansu. Dole mutum ya haddace ɗarin duka, ya gane waƙa tun bakin mai karatu bai gama buɗewa ba. Bakwai daga ciki gaɓa guda ta isa a shaida su: mu, su, me, fu, sa, ho, se. Wasu kuwa sai an jira gaɓa ta shida. Kowace shekara a watan Janairu ana karawar neman kambi a wurin ibada na Omi Jingu da ke birnin Otsu.

Na daɗe ina tunanin abin da wannan doka take yi wa mai wasa. A zaman hira irin wanda muka saba, da yawanmu ba saurare muke yi ba, jira muke mai magana ya numfasa mu sako abin da muka riga muka shirya. Shiritori ba ya barin haka. Ba ka da ikon shirya komai sai ɗan'uwanka ya kai ƙarshen kalmarsa, domin a wutsiyarta rabonka yake. Haka kuma yana karya girman kai. Kowa yana da waƙar da ya ƙware a kanta, wadda yake so a ji shi da ita. Dokar gaɓa sai ta raba shi da ita, ta tura shugaba ga waƙar yara, ta tura saurayi ga waƙar zamanin kakarsa. Kowa ya yi tuntuɓe, kowa ya sha dariya, zama ya yi daɗi. Sannan duk mai hankali ya san cewa wanda ya ƙure kowa da ru ya ci wasa, amma ya tashi taro. Gwanin gaske shi ne mai miƙa wa ɗan'uwansa gaɓar da zai iya ɗauka.

Akwai abin da nake jin tsoro. A yau mutum na iya latsa gaɓa guda a waya, jerin waƙoƙi ya zubo masa kamar ƙanƙara. Wasan zai ci gaba a haka, amma ba daga ƙwaƙwalwa ba. Daɗinsa kuwa yana cikin wannan ɗan shiru da mutum ke yi yana laluben cikinsa, har wata waƙa da ya ji yana goye ta taso masa. Rumbun da ba a buɗewa, gara ce ke gadonsa.

Malaman makaranta za su lura cewa harshenmu ya dace da wannan wasa, tunda kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa: kifi, fili, likita, tabarma, madara, raƙumi, miya, yaro, rogo, goro. Na gwada shi da yara, kuma gardamar da ta tashi ta fi wasan amfani. Wanda aka ba kaɗa ba shi da hanya zuwa dawa, sai ɗaki, ga darasin baƙaƙe masu lanƙwasa ya shiga ba tare da alli ba. Wanda aka ba gida kuwa ya ce dawa, sai a tambaye shi wacce: ta tuwo mai dogon wasali, ko ta namun daji mai gajere? Abin da rubutun boko ya ɓoye, kunne ya tono shi. Ba ma bukatar na'ura ko wutar lantarki, tabarma da mutum uku sun wadatar. An ce kunne ya girmi kaka. A ba shi aikin yi tun yana ƙarami.