Kunnen Hukuma A Cikin Wayar Talaka

Babu wani mai hankali a unguwarmu ta Federal Low-Cost, nan Gombe, da zai musanta ɓarnar da ƙwaya ta yi wa samarinmu. Da idonmu muka ga yadda tiramol da kodin suka mai da ɗan mutunci ɗan Kalare. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Don haka ban ƙi a ba Hukumar NDLEA, wadda Doka ta 48 ta 1989 ta kafa, na'urorin bin sawun dillalai ta waya ba.

Damuwata ita ce hannun da zai riƙe na'urar. Tun da aka umarci jama'a su haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a Disamban 2020, ba wuya a gano mai kowane layi da wanda ya kira. Na'urar da ke sauraren dillali, ita ce kuma za ta saurari mai gida da iyalinsa, ko ɗan jarida, ko ɗan hamayya. Na ga ɗan maƙwabcina ya dawo gida ba ko kwabo, bayan wasu jami'ai sun tsare shi a hanya, sun bincike wayarsa kaf, suka ce ko ya ba da wani abu ko su kira shi dillali.

Mu tuna, a Fabrairun 2022 da hoton bidiyon da aka ɗauka a ɓoye NDLEA ta zargi babban ɗan sandan nan, Abba Kyari, da hannu a cinikin hodar Iblis, har aka kai shi kotu. Ashe mai dokar barci ma ana iya tuhumarsa da gyangyaɗi.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya. To, a bi shi sau da ƙafa. Kada a saurari wayar kowa sai alƙali ya ga hujja ya sa hannu, kuma jami'in da ya keta wannan haddi a hukunta shi a bainar jama'a. Talakan da ya amince sirrinsa na nan a rufe, shi ne zai nuna wa hukuma gidan dillali.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.