Awannin Kawu Ba Sa Cikin Jadawali

Kawuna tela ne. Shekara talatin da ɗoriya yana buɗe shago bayan sallar asuba, ba ya rufewa sai bayan isha'i, idan azumi ya kai goman ƙarshe kuwa a kan keken ɗinki yake sahur. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A bakin gadonsa na lissafa awannin da yake yi a mako, na ga sun kusa tamanin. Na ce, "Kawu, ai wannan aikin mutum biyu ne." Ya ce, "Baki goma sha ɗaya ke jiransa, ɗana."

Tun ranar na shiga bin alƙaluman da ake kwatanta ƙasashe da su a kan yawan awannin aiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jiki a gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari.

Sai dai kwatancin ƙasa da ƙasa yana da tarko biyu. Na farko, ba a kan layi ɗaya ake yankewa ba. Ƙungiyar Ƙwadago tana ƙirga wanda ya haura awa 48, iyakar da ta shata tun yarjejeniyarta ta farko a 1919, kuma bisa wannan ma'auni fiye da kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan duniya sun tsallake ta. Ƙungiyar OECD kuwa daga awa 50 take farawa: a Meziko da Turkiyya kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ne ke kai wannan, a Holan ko ɗaya cikin ɗari bai cika ba.

Tarko na biyu shi ya fi damuna. Jadawalin OECD ma'aikatan albashi yake ƙirgawa, waɗanda ke da ubangida da takardar ɗaukar aiki. Mai sana'ar kansa ba ya ciki. A ƙasar da yawancin jama'a teloli ne da direbobi da 'yan kasuwa, irin wannan ma'auni zai zubar da waɗanda suka fi kowa daɗewa a bakin aiki. Haka dokoki ma. A 2018 Koriya ta Kudu ta rage iyakar mako daga awa 68 zuwa 52. Japan, inda mutuwa saboda yawan aiki har suna gare ta, karoshi, ta ƙayyade awannin ƙari daga 2019. Amma doka ubangida take kamawa. Wa za ta kama a shagon kawu?

Da na jera ƙasashen sai na lura cewa dogon aiki ya fi bin inda kuɗin awa ɗaya bai taka kara ya karya ba. Ma'aikacin Holan da wuri yake tashi domin abin da yake samu a awa guda ya ishe shi. Kawu yana ƙara awanni ne domin kuɗin ɗinkin riga ɗaya ba ya cika tukunya. Mu kuma muna yabon sa da cewa ba shi da ƙyuya.

Ina cikin masu laifi. Sau da yawa nakan kai masa shadda saura kwana uku sallah, in ce kada ya ba ni kunya, sannan in nemi ragi tunda ɗan gida ne. Yanzu babban ɗansa ne a kan keken. Bana tun watan Sha'aban na kai masa ɗinkina, na biya abin da ya faɗa ban taya ba.