Maƙarfi, Garin Rake

Mu nan Rimaye ta ƙasar Kankiya gero da dawa muka fi nomawa, amma tun ina ƙarama ban san kunu ba mazarƙwaila ba. Da yawanmu mun sha zaƙinta, ba mu san mahaifarta ba. To, ɗaya daga cikin manyan gidajenta ita ce Maƙarfi, a ƙasar Zazzau.

Mutanen garin sun daɗe suna noman rake a fadamunsu. Tun kafin masana'antar sukari ta Bacita ta fara aiki a 1964, su suna dafa nasu. Garin nan ne kuma ya haifi Ahmed Maƙarfi, gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007.

Na je da hunturu, na ga abin kallo. Rake ya fi mutum tsawo. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin matsa, yanzu inji mai shan mai ya yawaita. Sai a tafasa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ƙanshin kaɗai ya isa guzuri.

Abin da ke damuna, 'ya'yanmu farin sukari suka sani. In mu masu girki muka daina saye, wa zai ci gaba da dafawa? Mai hali ta kai yaranta su gani, gani ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.